Shuka tafarnuwa a Legas: a tukunya ko a ƙasa?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a gidan haya a Agege. Tsakar gidan siminti ne, amma akwai ɗan fili a bayan ɗaki wanda ruwa ke kwanciya a cikinsa da damina. Bara na ɓare tafarnuwar da na saya a kasuwa na shuka a wannan fili cikin watan Mayu. Ta tsiro da kyau, daga baya rabinta ya ruɓe, sauran kuma da na tone ban tarar da kai ba, ganye kawai ta yi. Wata maƙwabciyata ta ce in fara rainonta a ƙananan tukwane sannan in dasa ta a ƙasa kamar yadda ake yi wa albasa. Wanne ya fi, tukunya ko ƙasa?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Tambayarki ta ƙunshi hanyoyi uku ne ko da yake biyu kika ambata. Akwai shuka tafarnuwa kai tsaye a ƙasa, akwai rainonta a ƙaramin mazubi a dasa ta daga baya kamar yadda maƙwabciyarki ta ce, sannan akwai shuka ta a babban mazubi a bar ta a ciki tun daga tsiro har ranar cira. Ga mai gida irin naki, hanya ta uku nake ba da shawara a bi, kuma zan kawo dalilaina. Sai dai ya kamata ki sani tun farko cewa matsaloli biyu ne daban suka sami shukarki ta bara, wato ruɓewa da rashin yin kai, kuma ta farkon kaɗai tukunya take magancewa. Maganin ta biyun yana wajen zaɓen iri da lokacin shuka, don haka dole mu bi ta nan kafin mu iso kan tukunya.

Abin da ya bambanta Legas da Wurno

Asalin tafarnuwa tsakiyar nahiyar Asiya ne, inda ake yin sanyi mai tsanani sannan zafi mai bushewa ya biyo baya, kuma har yau da wannan tsari ta saba. Cikin sanyi take kafa saiwa ta yi ganye, idan gari ya fara ɗumi yini ya ƙara tsawo sai ta tattara abincin da ke ganyen ta tura shi ƙasa, shi ne kan da muke ci. Ta fi jin daɗin girma idan zafi yana tsakanin digiri 13 zuwa 24 a ma'aunin Salshiyas. Wannan ne ya sa a Najeriya ta zama amfanin noman rani na Arewa. Manoman Wurno da Goronyo a jihar Sakkwato, da takwarorinsu na Kebbi da Kano da Jigawa, suna shuka ta bayan ɗaukewar damina, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, ta sha sanyin hunturu lokacin da zafin dare kan sauka zuwa digiri 15 ko ƙasa da haka, su cire ta bayan wata huɗu zuwa biyar, iska a bushe, ko ɗigon ruwan sama bai taɓa ta ba.

A Legas kusan komai ya saɓa wa wannan. Ruwan da ke sauka a shekara ya haura milimita 1,500, fiye da ninki biyu na abin da Sakkwato ke samu. Ya fi ƙarfi a watan Yuni, ya ɗan tsagaita cikin Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba. Zafin dare da wuya ya sauka ƙasa da digiri 22, hunturu kuma yana isowa ne da sauran ƙarfinsa kaɗan, ya yi 'yan kwanaki cikin Disamba ko Janairu ya wuce. Shuka a watan Mayu kamar yadda kika yi na nufin tafarnuwar ta shiga ruwan Yuni tana da wata ɗaya, a filin da ruwa ke kwanciya. Saiwarta na buƙatar iska a cikin ƙasa, kuma kwana biyu ko uku a cikin taɓo mai ɗumi sun isa su kashe ta, daga nan fumfuna ta shiga ta gindi. Na tabbata da kika tone waɗanda suka lalace kin ga gindin ya koma ruwan ƙasa ya yi laushi, saiwoyin sun guntule, ɓawon yana saɓulewa a hannu yana wari. Ruwa ne ya jawo wannan.

Rashin yin kai kuwa zance ne na sanyi da tsawon yini. Ƙwayar tafarnuwa tana buƙatar ta sami sanyi na wasu makonni kafin ta iya rarrabuwa zuwa ƙwayoyi masu yawa. Idan ba ta samu ba, ko dai ta yi ta zuba ganye, wuyanta ya yi kauri, ƙasan kuma babu komai, ko kuma ta yi dunƙule guda ɗaya mulmulalle marar rabe-rabe. Ban da haka, Legas tana wajen digiri 6 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka tazarar da ke tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta a shekara ba ta kai awa ɗaya ba, kullum ana nan kusa da awa 12. Ire-iren tafarnuwar ƙasashe masu sanyi kuwa sai yini ya haura awa 13 suke fara kumbura sosai. Tun da tafarnuwa da ƙwayarta ake shuka ta, ba da 'ya'yan fure ba, kowace ƙwaya halin uwarta take ɗaukowa ɗungurungum, har da yanayin ƙasar da uwar ta saba da shi.

Irin da za ki shuka

Idan kika shiga kasuwar Mile 12 wajen 'yan albasa, tafarnuwa iri biyu za ki tarar. Akwai babba fara tas mai manyan ƙwayoyi wadda ke zuwa cikin raga ko kwali, akasarinta daga ƙasar Sin, wadda ke noma fiye da kashi 70 cikin 100 na tafarnuwar duniya. Akwai kuma tamu ta Arewa, ƙarama mai ƙananan ƙwayoyi da ƙamshi mai ƙarfi, wani lokaci da ɗan ja-ja a ɓawonta. Ido yakan tafi kan babbar, kuma ina kyautata zaton ita kika shuka bara. Ita ce mafi rashin dacewa da Legas, domin ta saba da dogon sanyi da dogon yini, ta daɗe a hanya, kuma wata ana yi mata magani don kada ta tsiro a ajiya. Ki nemi ta gida, ki gaya wa mai sayarwa cewa ta shuka kike so, domin da yawa daga cikinsu 'ya'yan manoma ne kuma za su zaɓo miki mai kyau. Ki ɗauki kawuna masu nauyi da tauri, marasa tabo da fumfuna a gindi. Ranar shuka ki ɓare su, ki ware manyan ƙwayoyin gefe ki bar musu ɓawonsu, sirara na tsakiya kuma su tafi tukunyar miya, saboda babbar ƙwaya ita ke ba da babban kai.

Tafarnuwar da aka ciro sabuwa takan yi wasu makonni ba ta tsirowa ko an shuka ta. Wadda aka ciro a Arewa cikin Maris, zuwa Oktoba ta daɗe da wuce wannan mataki, amma gwadawa ba ta da wuya. Ki tsaga ƙwaya ɗaya a tsaye da wuƙa, idan kika ga ɗan tsiro kore-kore a tsakiya ya miƙe ya wuce rabin ƙwayar, to ta shirya.

Sanyin da Legas ba ta da shi ana iya samar da wani ɓangarensa a firiji. A zuba kawunan yadda suke, ba a ɓare ba, cikin ambulan ko takarda, a ajiye a aljihun ƙasa inda ake sa kayan miya, wajen digiri 4 zuwa 10, na tsawon mako 4 zuwa 6. Kada a sa a leda, domin gumi zai taru ya kawo fumfuna, kuma kada a kuskura a sa a firiza, domin ƙanƙara tana kashe ƙwayar. Na san batun wutar lantarki ne zai fara zuwa ranki. Ɗaukewar wuta ta 'yan awanni ba ta ɓata aikin idan ba a yawan buɗe firijin, amma idan a unguwarku ana kwana biyu ko uku babu wuta, gara ki haƙura da wannan mataki ki dogara da irin gida, wanda dama buƙatarsa ta sanyi kaɗan ce. Wuce mako shida ma ba alheri ba ne ga irin namu, domin yakan sa shukar ta yi gaggawar nuna tun ba ta tara ganye ba.

Raino da dashe

Shawarar maƙwabciyarki daga noman albasa ta samo ta, kuma a can daidai ce. Albasa daga ɗan baƙin iri ƙanƙane take fitowa, tsironta siriri ne wanda ciyawa ko ruwa mai ƙarfi ke iya kashewa, shi ya sa ake rainonta wajen mako shida kafin dashe. Tafarnuwa ba ta da wannan rauni. Ƙwayarta tana ɗauke da guzurinta, cikin mako ɗaya zuwa biyu za ta huda ƙasa da tsiro mai ƙarfi ba tare da an taimaka mata ba, don haka raino ba ya ƙara mata komai. Dashe kuwa yana rage mata. Saiwoyinta farare ne masu saurin karyewa, duk daga faifan gindi suke fitowa, kuma ba su cika yin rassa ba, saboda haka idan suka karye sai shukar ta tsaya cik tana jiran sababbi. Girman kai ya dogara ne da yawan ganyen da ta tara kafin ta fara kumbura, kuma da zarar kumburi ya fara ba ta ƙara sabon ganye. A Legas lokacin da ke tsakanin ɗaukewar ruwa a Nuwamba da dawowarsa a ƙarshen Maris wata huɗu ne da 'yan kai, wato daidai abin da tafarnuwa ke buƙata babu rara. Mako biyu da za ta yi tana farfaɗowa daga dashe za su bayyana a girman kan ranar cira.

Akwai hali ɗaya da nake yarda da raino. Idan mutum yana da fili mai kyau amma ruwan Oktoba ya ƙi ɗaukewa, ƙasa tana jiƙe sharkaf, irin da ya fitar daga firiji kuma ya riga ya tsiro ba zai jira ba, to sai ya sa kowace ƙwaya a mazubinta, ledar ruwan sha da aka yanke baki aka huda ƙasanta ma ta isa, ya ajiye a ƙarƙashin rumfa. Bayan mako uku, tana da ganye biyu ko uku, sai ya yaga ledar da yamma ya sa shukar a rami tare da dunƙulen ƙasarta ba tare da ya girgiza shi ba. Manoman gida a Ingila suna yin irin wannan idan ƙasarsu ta laka ta jiƙe da ruwan sanyi. Dabara ce ta ceton iri, kuma filinki ba ya cikin waɗanda za ta yi wa amfani.

Shuka a ƙasa

Ba na so ki ɗauka cewa ina raina ƙasa. Inda ƙasa ke tsane ruwa da kyau, ta fi tukunya ta fuskoki da dama: ta fi riƙe sanyi da rana, ba ta bushewa da sauri, saiwa tana yawo yadda take so, kawunan sun fi girma, kuma a fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya za a iya shuka ƙwaya wajen 60 idan aka bar santimita 10 tsakanin shuka da shuka, 15 tsakanin layi da layi. Abin lura shi ne yadda ake gyara wurin. A Arewa fangali muka saba yi, a tone tsakiya a ɗaga gefe domin ruwan ban ruwa ya zauna ya shiga ƙasa. A aikina da 'yan lambu a yankin Ojo da Iba da ke Legas na sha ganin sabon zuwa ya kawo wannan tsari, ruwan bazata guda ɗaya na watan Disamba ko Fabrairu ya cika fangalin ya kwana a ciki. A nan ɗaga ƙasa ake yi, a yi kunya mai faɗin mita ɗaya da tsayin santimita 20 zuwa 30, a bar kwari a gefe inda ruwa zai bi ya fita. Ƙasar ma ta bambanta daga unguwa zuwa unguwa. Ta wajen Ojo da Badagry da Lekki rairayi ce mai tsane ruwa da wuri amma marar ƙarfi, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa, ta wajen Agege da Ikeja kuwa jar ƙasa ce mai danƙo idan ta jiƙe, mai tauri idan ta bushe, wadda ke matse kan tafarnuwa ta hana shi buɗewa sai an haɗa ta da taki mai yawa.

Ban ga filinki ba, amma za ki iya gwada shi da kanki cikin watan Nuwamba. Ki haƙa rami mai zurfin santimita 30, ki cika shi da ruwa ki bari ya tsotse, ki sake cikawa da yamma. Idan gari ya waye da sauran ruwa a ciki, wurin ba na tafarnuwa ba ne. Ki kuma duba ko ruwan wanka da na wanki yana bi ta wurin, da kuma ko yana samun rana ta awa shida, domin filin bayan ɗaki a gidajen Agege yawanci yana tsakanin katanga biyu ne, inuwa ta fi yawa.

Shuka a mazubi

Babban amfanin mazubi shi ne ke ce mai iko da ruwan da ke shiga da wanda ke fita. Idan hadari ya taso ba zato sai ki ja shi ƙarƙashin baranda, ƙasar da ke ciki ke kika haɗa ta, kuma idan zaman haya ya ƙare shukarki za ta bi ki. Saiwar tafarnuwa ba ta nitsawa sosai, akasarinta a santimita 30 na sama take, don haka mazubi mai zurfin santimita 25 zuwa 30 ya wadatar. Bokitin fenti mai cin lita 20 da aka wanke sosai yana ɗaukar ƙwaya 5 ko 6, buhun shinkafa da aka naɗe bakinsa zuwa rabi yana ɗaukar 7 ko 8. A huda ƙasan bokitin huda shida zuwa takwas masu faɗin ɗan yatsa, a ƙara wasu a gefe dab da gindi, a ɗora shi a kan bulo biyu ko katako yadda ruwa zai zube ya tafi. Jera tsakuwa a ƙasan bokiti da wasu ke yi ba ya ƙara tsanewar ruwa, wuri kawai yake cinyewa.

Aibin mazubi a Legas shi ne zafi, kuma a nan ne mutane da yawa ke yin asara ba su san dalili ba. Baƙar leda ko baƙin bokiti da ke zaune a kan siminti da ranar Fabrairu, idan kika tura yatsa ta gefensa da azahar za ki ji ƙasar ta yi ɗumi sosai, alhali tafarnuwa tana daina girma yadda ya kamata idan zafin ƙasa ya haura digiri 30. Shi ya sa na fi son farin bokiti ko farin buhu, kuma wanda ya fi su duka shi ne tukunyar ƙasa da aka huda, domin tana tsattsafar da ruwa ta jikinta tana sanyaya abin da ke ciki. A ajiye mazuban inda rana ke faɗawa daga safe zuwa wajen ƙarfe ɗaya, inuwa ta rufe su da la'asar, nesa da katangar da ke fuskantar yamma. A jera su kusa da juna domin su yi wa juna inuwa a jiki, a rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa mai kaurin yatsa biyu.

Haɗin ƙasa da nake amfani da shi kashi biyu ne na baƙar ƙasa, irin wadda masu sayar da furanni a bakin titi ke sayarwa a buhu, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya na yashi mai tsakuwa-tsakuwa. Yashin Legas da yawansa daga cikin ruwa ake haƙo shi, yana iya zuwa da gishiri, don haka a wanke shi kafin a haɗa. Taki ba zai yi miki wuya ba tun da mayankar Oko-Oba tana nan Agege, ga kuma masu kiwon tumaki da kaji a unguwa, amma dole ya kasance wanda ya yi wata biyu ko uku a tare har ya koma baƙi ya daina wari da zafi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa cikin 'yan kwanaki. Tafin hannu ɗaya na toka a kowane bokiti yana taimakawa, saboda ƙasar kudu tana da tsami kuma tafarnuwa ta fi son wadda tsaminta kaɗan ne. Idan kika damƙi haɗin yana da danshi, ya kamata ya dunƙule a hannu, da kin taɓa shi da yatsa kuma ya wargaje.

Lissafin lokaci shi ne iri ya shiga firiji a ƙarshen Satumba, a shuka a makon farko ko na biyu na Nuwamba, a cire cikin Maris kafin ruwa ya kankama. Da yake mazubi ana iya kare shi daga ruwa, kina iya farawa tun ƙarshen Oktoba, wanda mai shuka a ƙasa ba zai iya ba, kuma wannan ɗan lokaci da aka riga shi riba ce. A sa ƙwaya tsininta yana kallon sama, gindi ƙasa, zurfin santimita 3 zuwa 5, tazarar santimita 10 tsakani, a bar santimita 5 daga jikin bokiti inda zafi ya fi yawa. A ba da ruwa sau ɗaya sosai, sannan a jira. Daga nan yatsa ne ma'auni: a tura shi zuwa gaɓa ta biyu, idan an ji danshi a bari, idan an ji bushewa a zuba har sai ya fara ɗiga ta ƙasa. A Nuwamba wannan na iya zama bayan kwana biyu ko uku, a Janairu da Fabrairu kuma kullum. Da safe ake ban ruwa, a gindi, ba a kan ganye ba, domin ganyen da ya kwana a jiƙe cikin laimar Legas shi ne ke kamuwa da tabo mai launin shunayya da ke busar da shi. Ruwan kwata da ruwan sabulu ba su dace ba.

Taki a mazubi yana wankewa da ban ruwa, saboda haka kaɗan-kaɗan ake ƙarawa. Ƙaramin cokali ɗaya na takin zamani NPK 15-15-15 a kowane bokiti bayan mako uku da tsiro, a barbaɗa nesa da jikin shukar a bi da ruwa, a maimaita a mako na shida, daga mako na takwas kuma a daina. Takin da aka ƙara bayan an fara kumburi ganye yake ƙarawa, ya jinkirta nuna, kan kuma ba ya jure ajiya. Ciyawa a cire ta da hannu tun tana ƙarama. Idan kika ga ganye yana yin zane-zane fari kamar azurfa, ƙananan ƙwari ne masu tsotsa da ke ɓuya a tsakanin ganye wajen wuya, sun fi yawa da rani. Ruwan ganye ko 'ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa ya kwana, da ɗan sabulu kaɗan, a fesa da yamma sau ɗaya a mako, yana rage su. Kaji kuma a nisanta su, domin suna tone ƙwayar tun ba ta kafa ba.

Wajen wata na uku ki ɗan share ƙasa da yatsa a gefen wuyan shuka ɗaya ki duba, za ki ga farin gindi ya fara buɗewa, sai ki mayar da ƙasar. Idan ganyen ƙasa suka bushe har kusan rabi, saura huɗu ko biyar kore a sama, lokaci ya yi. A daina ban ruwa kwana 7 zuwa 10 kafin nan. Kada a jira duk ganyen su bushe, domin kowane koren ganye shi ne ɓawo ɗaya da ke lulluɓe kan, idan suka ƙare sai kan ya tsage ƙwayoyin su watse. A kifar da bokitin a zazzage maimakon a finciko ta ganye. Ba a wankewa. A ɗaure su biyar-biyar da ganyensu a rataye a inuwa inda iska ke ratsawa na mako biyu zuwa uku, har wuyan ya bushe ƙayau, sannan a yanke ganye da saiwa. A Arewa wannan mataki ba ya ba da wahala, a nan kuwa laima tana iya lalata amfanin da aka sha wuya a kansa, don haka ɗaki rufaffe ko leda ba wurin ajiyarta ba ne.

Abin da za ki sa rai da shi

Ko an bi duk waɗannan matakai, tafarnuwar Legas ba za ta kai ta Sakkwato girma ba, kuma shekara tana bambanta da shekara. Shekarar da hunturu ya iso da ƙarfi ya daɗe, kawunan sukan rarrabu da kyau, shekarar da bai zo ba kuma wani kaso zai fito dunƙule guda. Waɗannan dunƙulallun ana cinsu kamar kowace tafarnuwa, kuma idan aka iya adana su zuwa Nuwamba aka sake shukawa sukan ba da kai mai rabe-rabe, sai dai riƙe iri tsawon daminar Legas ba tare da ya yi fumfuna ba abu ne mai wuya, shi ya sa na fi son a sayi sabo kowace shekara. Abin da na faɗa duk daga ƙananan lambuna da bokitai na gida ne. Wanda ke son noman tafarnuwa don sayarwa ba zan ba shi shawarar ya zuba kuɗinsa a Legas ba, domin ba zai iya gogayya da farashin wadda motoci ke saukewa a Mile 12 ba.

Akwai kuma amfanin da ba ya jiran hunturu, wato ganyen. Ana yanka shi a miya ko a ƙwai ko a dambu kamar lawashi, ƙamshinsa na tafarnuwa ne amma bai kai ƙarfin ƙwayar ba. Ki ware bokiti ɗaya domin wannan, ki cusa ƙwayoyi kusa da juna tazarar santimita 3, ko da babbar nan ta waje ce idan ta tsiro, a kowane wata na shekara muddin ruwan sama ba ya dukansa kai tsaye. Idan ganyen ya kai tsawon taƙi sai ki yanka ki bar ɗan gindi, zai sake tohowa sau biyu ko uku kafin ƙwayar ta ƙare. Na bokitan da kike jiran kai kuwa kada ki taɓa ganyensu.

A bana ina ba ki shawara ki fara da bokiti huɗu zuwa shida na irin gida, rabi da irin da ya shiga firiji, rabi da wanda bai shiga ba, ki yi wa kowanne alama da ranar shuka a jikinsa. Idan gwajin ramin ya nuna filin bayan yana tsanewa da rani, ki ɗaga 'yar kunya ki sa ƙwaya goma a ciki rana ɗaya da na bokitan, domin a watan Maris ki kwatanta su da idonki ki san wadda za ki faɗaɗa baɗi.